Koren da Ke Gudun Takun Ƙafa

Lanvoran, Yuni 1976

Zuwa ga Rozenn, jikar Inna Naig,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya goya ki a wuya kina zubar masa da majina a ka, ko da yake yanzu an ce ke dakta ce. Yaya sanyin Suwidin? Mu nan zafi ne kamar a gasa mutum, rabonmu da ruwan sama tun Ista. Gwiwata tana nan yadda kika san ta. Na ga uwarki a kasuwa, lafiyarta ƙalau, ta ce in ja miki kunne kan rashin rubutu.

Kin san ni da alƙalami kamar akuya da ruwan sama ne, saboda haka ba gaisuwa ce ta zaunar da ni ba. Koantig ta mutu. Goɗiyata, wadda kika koyi hawa a bayanta.

Ruwan teku ya janye, ni da ita muka gangara ɗaukar ciyawar teku kamar kullum. Kin tuna wurin da ɗan rafin gonar Jakez Kerbrat ke tsatsowa cikin yashi? A nan ta tsaya ta sunkuyar da hanci kan wani kore da ke kwance a jiƙaƙƙen yashi, kamar an ɓarar da miyar alayyafo, ga wani ƙarni yana tashi. Ba mu yi nisa ba ta durƙushe cikin amalanke. Ta yi ta birgima tana harbin cikinta, ta karya sandar amalanken, ta yi ta buga kai da dutse har jini ya rufe mata ido. Ina riƙe da linzami ina kiran sunanta kamar mahaukaci. Da hannuna na ƙarasa ta, da wuƙar yankan ciyawa, don babu mai bindiga kusa. Na yi kuka, 'yar nan, ban ji kunyar kowa ba. Mun binne ta a bayan tudu, na zuba mata farar ƙasa mai cin nama, irin wadda ake zuba wa mushe.

Likitan dabbobi ya ce wai hanjinta ne ya murɗe. To, wa ke ciyar da likitan? Aladun Jakez! Ruwa ba ya tsami banza. Tunda ya gina wancan dogon ɗakin ya cika shi da aladu, ina ruwan kashinsu ke zuwa in ba rafin ba? Ga shi muna karantawa a jarida yadda kore ke cinye bakin teku a wasu garuruwan.

Na same shi a mashayar Marivon. Wannan mutum da muka ci ƙasa tare a soja, shi ya riƙe mini kyandir ranar aurena. Yana ganina ya ce, "Goulven, na ji labari, Allah ya mayar da alheri. Zauna in saya maka kofi ɗaya."

Na ce, "Ka kashe mini doki ka biya ni da kofi?"

Ya yi dariyar nan tasa mai kama da tashin tarakta, ya ce, "Haba tsohon banza! Goɗiyar da ta girmi fadan cocinmu? Ai sai dai ka gode da ba a kanka ta faɗi ba."

Kwanon giyar tuffa ne a hannuna, a bakinsa na fasa shi. Haƙori ɗaya ya faɗi kan kanta. Shi kuma ya ɗaga ni ya maka da tebur, har yanzu in na yi tari haƙarƙarina sai ya amsa. Marivon da tsintsiya ta kore mu.

Ga kwalbar zuma nan na aiko miki, na ɗebo koren a ciki, na toshe bakin da kakin kyandir. Shegen abu ne, ko ɗibuwa ba ya yi, kana kai cokali ya sulale, sai da na haɗa da yashi. Wasu sun ce in kai wa masu bincike na Roscoff. Ni ba na kai ƙarata gun mutanen gwamnati, naka sai naka. Ki ajiye tsutsotsin nan naki marasa amfani na yini ɗaya, ki sa wannan a madubin ƙara girma, ki gaya mini ko mene ne.

Kawunki,
Goulven Riou

*

Bakin tekun Suwidin, farkon Yuli

Kawu Goulven,

Gaisuwa da girmamawa, da ta'aziyya. Na karanta labarin Koantig a tsaye, sai da na nemi kujera. Allah ya ba ka haƙuri. Ni lafiya lau nake, sai dai kewar wainar baƙar alkama da man shanu mai gishiri. Nan kifin nasu ma sukari suke sa masa, ka ji fa. Ka je a duba haƙarƙarin nan, don Allah, kuma ka bar dambe a mashaya, ka wuce shekarun.

Kwalbarka ta iso bayan ta sha zafi a hanya. Da na fasa kakin, wani abokin aikina, mutum mai kunya da bai taɓa ɗaga murya ba, sai ga shi ya yi waje da gudu yana zagi da yarensu. Abin da ke ciki ya ruɓe ya zama kunu. Na ɗiga kaɗan a gilashi na duba, kuma ga abin da na gani: ƙwayoyin gansakuka ne koraye, ƙanana ƙwarai, ba su ƙirguwa. Irinsu kan yi yawa a ruwan da taki ya wadata.

Amma Kawu, ka karanta abin da ke biye da idon basira. Iyakar abin da ruɓaɓɓiyar kwalba za ta iya faɗa ke nan. Ban ce shi ya kashe Koantig ba, ban kuma ce daga gonar wane ya fito ba. Murɗewar hanji tana kashe doki kamar yadda ka kwatanta. Ka ɗebi sabo ka kai Roscoff a ranar, ba za su cinye ka ba.

Ka ce tsutsotsina ba su da amfani. Ban musa ba, amma da ka ga ɗaya da ka yi shiru. Daga laka muke tace su, ko ƙwayar shinkafa ta fi wasu girma. Shafal suke kamar ganye, ba hanji, ba jini, ba dubura, jiki duk gashi-gashi da suke iyo da shi. A ka akwai wata 'yar jaka mai ƙwayar dutse ɗaya tal, da ita suke sanin sama da ƙasa. Kowace ɗaya mace ce kuma namiji ce, kada ka gaya wa fadan coci. In za ka bambance wannan iri da wancan, sai ka danne ta a hankali ƙarƙashin gilashi tana da rai, ka leƙa kayan haihuwarta. Wahalarsu ke nan: da sun mutu sai su narke, ko gawa ba sa bari. Rabin rayuwata tseren agogo nake da su.

A gurguje nake rubutu, gobe za mu shiga jirgin ruwa zuwa arewa ɗebo laka, babu gidan waya a can sai mun dawo cikin Agusta. Ka gaida Marivon. Ka gaida Jakez ma da Katell matarsa, e, na faɗa. Shi ya koya mini iyo.

'Yarka,
Rozenn

*

Lanvoran, ƙarshen Yuli

Rozenn,

Allah ya yi miki albarka, karatunki bai tafi a banza ba. Ina fatan jirgin bai juya miki ciki ba. Ni ƙalau, haƙarƙari ya warke da kansa. Har yau ba ruwan sama, an fara yanka shanu don rashin ciyawa.

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci na hau dutsen shela na karanta takardarki ga duk gari. Na tsaya a kan "ruwan da taki ya wadata". Sauran ai kara ce irin taku ta masu ilimi, ba kwa iya cewa baƙi sai kun ce wataƙila fari ne. Da kin ga mutane! Masu kiwon kawa, dodon-koɗin nan na teku, masu ƙaguwa, matan da ke tonon kumba a yashi, kowa ya ce dama ya faɗa. Jakez yana tsaye da hula a hannu, ya ce, "Ba ni takardar in gani da idona." Na ce, "Ka je ka tambayi aladunka, su suka rubuta ta a bakin teku."

Tun ranar gari bai zauna ba. An farke masa tayoyin tarakta. An jefa mushen ɗan alade cikin rijiyarsa. Ban ce ni ne ba, ban ce ba ni ba ne. Shi kuma, ko wani nasa, ya sari kwalekwalena da gatari har wuri uku. Karensa ya biyo ni da haushi a hanyar tudu, na sa masa lauje a wuya, na ja shi na ajiye a ƙofar gidan. Katell ta fito ta ga karen, ta dube ni ta ce, "Goulven, kai ne ka ci abinci a teburina?" Na juya na tafi. Na ji abin a ƙirjina, amma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Yanzu ga abin da ke neman haukata ni. Magajin gari ya kira wani jami'in duba ruwa daga birni. Da safe na leƙa daga kan tudu, koren yana nan shimfiɗe, ya fi na kullum. Jami'i ya zo, muka gangara gaba ɗaya, gari guda da takalman katako, har da motarsa a kan yashi. Muna isa, wayam! Yashi fes kamar an wanke. Mutumin ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam Riou, rana tana da zafi bana, ka riƙa sa hula." Aka yi mini dariya. Ni!

An sake kiransa, aka sake yin haka. In ni kaɗai na lallaɓa, ga shi nan kwance. In na zo da jama'a, babu. Kin ga ke nan Jakez yana da mai tsegunta masa, yana riga mu zuwa ya rufe da yashi. Na yi gadinsa ban kama shi ba, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Jiya ya tsayar da ni a hanya, leɓensa har yanzu a kumbure, ya ce, "Wallahi Goulven ban taɓa yashin nan ba. Ka dawo hankalinka tun ba mu kashe juna ba." Na ce, "Ɗayanmu dai."

Tunda hukuma makauniya ce, mu muna da ido. Rabin buhun farar ƙasar da na binne Koantig da ita yana nan a rumfa. Bayan bikin waliyyin gari za mu kawo Jakez bakin koren da ƙarfi, ya gan shi a gaban shaidu, in ƙone koren da ita a gaban idonsa. In ya yi gardama, shi ya jiyo.

Kawunki,
Goulven

*

Bakin tekun Suwidin, Agusta

Kawu,

Ina fatan kana lafiya, ina fatan kowa yana lafiya, kowa har Jakez. Yau muka sauka daga jirgi na tarar da takardarka.

Kada ka taɓa shi. Don girman Allah, don darajar Inna Naig da mahaifiyarka da suka sha nono ɗaya, kada ka taɓa shi. Babu wanda ke rufe komai da yashi. Koren nan da kansa yake gudu, domin dabba ce, Kawu. Tsutsa ce, 'yar'uwar waɗanda nake aiki a kansu dare da rana.

Ka saurare ni. Ana samun ta a bakin tekunmu tun kafin a haifi kakan Jakez, a inda ruwa ke tsatsowa cikin yashi. Tana ƙarama take haɗiye ƙwayoyin gansakuka, su zauna da rai cikin namanta, su rina ta kore, su riƙa ciyar da ita da hasken rana. Da ta girma ko ci ba ta yi. Shi ya sa in ruwa ya janye suke fitowa dubbai su kwanta shan rana. 'Yar jakar nan mai dutse da na ba ka labari, ita ke jin girgizar ƙasa. Sukan ɗauka igiyar ruwa ce ta dawo, sai su nutse cikin yashi. Mutum ɗaya mai sanɗa zai same su, gari guda da takalman katako ba zai taɓa samu ba. Ƙarnin ma nasu ne.

Waɗanda ka aiko sun mutu a hanya sun narke, suka bar gansakukar da ke cikinsu, ita na gani. Ka ma rubuta mini cewa abin yana sulale wa cokali, na karanta na wuce don ina sauri. Gansakuka ba ta gudun cokali. Ni da ke koya wa ɗalibai wannan!

Koren da jarida ke magana a kai gaskiya ne, amma wani abu ne dabam, ganye ne falle-falle kamar jiƙaƙƙiyar takarda, yana taruwa tuli ya ruɓe. Ban san ko ruwan Jakez yana da tsabta ba, wannan a auna shi. Abin da na sani shi ne tsutsar nan ba ta kashe ko ƙuda, balle doki.

Kada ka yarda da ni, gani ya kori ji. Ka je kai kaɗai, ka lallaɓa, ka tsaya a gefensa ka buga ƙafa da ƙarfi. Sannan ka ɗebi kaɗan a farin faranti da ruwan teku, ka ɗauki gilashin da marigayiya Anna matarka take zura allura da shi, ka duba. Za ka ga suna iyo. A ka za ka ga ɗigo ɗaya mai ƙyalli, da ɗige biyu a gefensa, idanunta ke nan.

Na buga waya mashayar Marivon ɗazu, ta ce kana tsibiri yankan ciyawa. Layin ba kyau, na yi ta ihu tsutsa ce, a ƙyale Jakez, takarda na tafe. Ban san me ta ji ba. Ka rubuto mini da ka karanta.

Rozenn

*

Lanvoran, Agusta

Rozenn,

Ina lafiya. Ba zan tambayi taki ba, na ji kina da ƙarfin ihu a waya.

Na dawo daga tsibiri Marivon ta tare ni a gaban mutane ta ce, "Daktarka ta bugo, wai a ƙyale Jakez, wai tsutsa ce." Mashaya ta ɗauki dariya. Wani ya ce, "Yarinyar nan ko a miya tsutsa take gani." Wani ya ce, "A'a, hannun Jakez ne ya kai Suwidin, ai shi ya koya mata iyo." Ban yi dariya ba. Da hannunki kika rubuta gansakuka, yanzu baki ya juya? An ce takarda na tafe. Na ce wa mutanena ba zan jira wata takarda ta zo ta zuba wa gari ruwan sanyi ba.

An gama, bari in gaya miki tun ba ki ji a bakin wani ba.

Washegarin biki da hantsi, ruwa ya janye, na leƙa na ga koren. Muka je gonar Jakez, mu da yawa. Yana ba aladu abinci. Ya ga mu, ya ɗauki cokali mai yatsu na kwasar taki ya ce, "Wanda ya fara matsowa zai koma gida da huji." Ɗan Abgrall mai kawa ya zagaya ta baya ya sauke masa sanda a hannu, na ji ƙashin ya ce ƙas. Muka ɗaure shi da igiyar kwalekwale. Katell ta kama ƙafata tana ja, wani ya hankaɗe ta ta faɗa kan kwamin aladu, goshinta ya fashe. Muka ja shi a ƙasa tun daga tudu har yashi, rigarsa ta yage, bayansa duk ya saɓule. Yana ta cewa, "Goulven! Goulven, ni ne fa!" kamar na manta.

Muna isa, Rozenn, babu koren. Na rantse da kabarin Anna na gan shi da idona kafin mu tafi, kuma mutumin yana hannunmu, bai taɓa yashi ba. Mutane suka fara kallon juna. Shi kuma yana durƙushe, jini a baki, ya ɗago ya yi dariyar nan. Ya ce, "To, tsohon banza, yau kuma wa ya share? Ko aladun ne suka zo da tsintsiya?"

Buhun yana hannuna a buɗe. Don koren na kawo shi, Allah shaida. Ban san sanda na watsa masa a fuska ba.

Ban taɓa jin mutum ya yi irin wannan ƙara ba, ko a yaƙi. Hannunsa a ɗaure, ya kasa kai shi ido, sai goga fuska yake a yashi yana birgima yadda Koantig ta yi. Wani ya ɗebo ruwa a hula ya watsa masa, fatar ta fara hayaƙi. Mutane suka watse da gudu. Katell ce ta kwance shi, ta ja shi cikin teku ta riƙa dulmiya kansa har motar asibiti ta zo.

Jandarmomi, 'yan sandanmu na karkara, sun zagaya gida gida. Ba wanda ya ga komai, kowa yana gonar dankali a lokacin. Jakez ma an ce da suka tambaye shi ya juya wa bango fuska. A mashaya yanzu ba a bari in biya kofina. Abinci dai ba ya shiga. Amma shi ya fara, ki tuna da wannan in za ki yi mini wa'azi. Shi ya kashe mini doki.

Goulven

*

Lanvoran, Satumba

'Yata Rozenn,

Ina gaishe ki, in har kina karɓar gaisuwata. An yi ruwan sama a ƙarshe. Uwarki tana lafiya, ta daina yi mini magana.

Takardarki ta iso ina cikin liƙe ambulan na waccan. Na aika tawa, taki na ajiye ta a bayan agogo ban buɗe ba, don na ɗauka roƙo ne. Ta daɗe a wurin. Ranar da na buɗe na karanta har ƙasa, wannan karon ban tsallake komai ba.

Na je ni kaɗai, na cire takalma. Koren yana nan kwance a rana abinsa, daidai inda muka durƙusar da mutumin. Na tsaya a gefe na daɗe, ina roƙon Allah ya sa ƙarya kike. Na buga ƙafa. Ina kallo ya dusashe, ya shige yashi, kafin in ja numfashi uku babu shi. Na matsa gaba na sake bugawa, haka. Na yi ta bi ina bugawa kamar yaro, har ƙafata ta yi jini a kan kumba, sai na zauna a ruwan. Ashe mu ne muke share shi, da ƙafafunmu.

Na ɗebo a farin faranti na ɗauko gilashin Anna. Suna iyo, 'yar nan. Na ga ɗigon mai ƙyalli a ka, yadda kika faɗa.

Kada ki ɗora wa kanki. Kin rubuta gaskiya a ƙasan takardar farko, ni na tsaya inda na ga dama.

Ban san me ya sa ba, sai na zuba su a kwalba, na naɗe da jiƙaƙƙen tsumma don kada su mutu, na hau motar safe zuwa asibitin birni. A hanya tunanina ɗaya ne, in nuna masa. Wallahi har na shiga ɗakin ban tuna ba. Katell tana bakin gado, da ɗinki a goshi. Ta miƙe ta ce, "Fita." Shi kuwa kansa a naɗe da bandeji har hanci, ya ce, "Ƙyale shi. Tun daga baranda na gane tafiyar, gurguwar gwiwar nan."

Na ce, "Jakez, ba aladunka ba ne."

Ya ce, "Ai na sani. Me ka riƙo yake ƙarni haka?"

Na gaya masa duka. Na juye su a farantin da ke kan teburinsa, na ɗora gilashi, har na miƙa masa. Katell ta rufe bakinta da hannu. Likita ya riga ya gaya musu, idanunsa duka biyu sun tafi.

Jakez ya ce, "To, tunda ka kawo, gaya mini me kake gani."

Na ce ƙanana ne, shafal, koraye. Na ce ba su da hanji. Ya ce, "Ka ji, su da ba su da hanji sun huta da murɗewa." Na ce akwai wani ɗan dutse a kansu da ke jin takun mutum.

Ya ce, "Suna da ido?"

Na ce, "Biyu."

Ya ce, "To, sun fi ni."

Bai yi dariyar ba. Na jira, bai yi ba.

Ranar Lahadi zan hau dutsen shela in karanta takardunki biyu daga sama har ƙasa, da muryar da na karanta ta farko. Daga nan ofishin jandarma zan wuce, na riga na kai kajina gidan uwarki. In za ki rubuto, ki tambaye ta inda aka ajiye ni.

Na mayar da su cikin kwalbar, na dawo da ita kafin ruwa ya cika, na juye su a inda na ɗebo. Na tafi a hankali, ban buga ƙafa ba.

Kawunki,
Goulven Riou